Mai Hoton Bikina: Abokin Ango, Ko Na Instagram?

Assalamu alaikum Anti. Ni budurwa ce, gidanmu yana cikin birnin Zariya, wajen Ƙofar Doka. An sa ranar aurena a watan Disamba, saura wata uku ke nan. Maganar mai hoto ce ta hana ni barci. Angona ya ce akwai abokinsa da ya sayi sabuwar kyamara, zai ɗaukar mana kyauta, kuɗin wanki kawai za mu biya. Ni kuma akwai wani mai hoto a Kaduna da nake bibiya a Instagram, hotunansa suna burge ni ƙwarai, amma kuɗin da ya yanka ya kusa kuɗin gadona da katifa. Babanmu kuma ya ce shi dai kada ya ga namiji ya shiga cikin mata ranar kamu da sa lalle, kuma kada ya ga hotona a wayar wani bare. Ga shi a bikin Yayata mai hoton ya zo daga baya ya ce memorinsa ya lalace, yau ba ta da komai sai 'yan hotunan wayar ƙawaye. Ba na son ɓata wa angona rai, ba na son saɓa wa Baba, kuma ina tsoron abin da ya sami Yaya ya same ni. Don Allah ki ba ni shawara.

'Yarki daga birnin Zariya.

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu ranar da rai da lafiya.

Ku ukun nan kowa da gaskiyarsa. Angonki yana duba aljihu da abota, Baba yana duba mutuncin gida, ke kuma kina son abin da za ki nuna wa 'ya'yanki wata rana. Abin da ya sa maganar ta ƙi haɗuwa shi ne duk kun tsaya a kan wa ya fi iya hoto ko wa ya fi sauƙi. Ni da zan ba ki shawara ɗaya tak, zan ce ki nemi wanda za a iya ba shi amana, sauran duk su biyo baya. Mai girki in abincinsa bai yi daɗi ba, an ci an manta. Mai kujeru in ya makara, a shimfiɗa tabarma. Mai hoto kuwa shi kaɗai ne cikin masu aikin biki zai koma gida da fuskarki, da ta mahaifiyarki, da ta ƙawayenki da matan mutane a cikin jakarsa. Kuma in ya ɓata aiki babu gyara, don ba a sake ɗaura aure saboda hoto bai fito ba.

Bari in fara da abokin ango, tunda shi ya fi kusa da zuciyar wanda za ki zauna da shi. Ban san yaron ba, mai yiwuwa ma yana da ido. Amma mallakar kyamara daban, iya ɗaukar biki daban, kuma bikinmu na Hausa yana cikin masu wahalar ɗauka. Duba ɗaurin aure kawai. A nan Zariya yawanci ko dai a ɗaura da hantsi wajen ƙarfe 11, ko bayan an sauko daga Juma'a, lokacin da rana take tsakiyar ka. Maza sun sha farar shadda, ga hula ta jefa inuwa a kan ido. Kyamara tana auna hasken da ke gabanta ne ta daidaita kanta, to idan fararen kaya suka cika mata ido sai ta rage haske, fuskoki su fito baƙi ƙirin. Idan kuma aka buɗe ta don fuska ta fito, sai aikin babbar rigar ya ɓace, ya zama fari fat kamar ba a yi masa ɗinki ba. Wanda ya san aiki ya san yadda zai tsayar da mutane su ba rana baya, ya ƙara musu hasken fitila a fuska, ko ya ja su inuwar bango ko ta bishiya. Sannan siga kanta 'yan mintuna ce. Waliyyi ya bayar, wakili ya karɓa, an ambaci sadaki, an shafa Fatiha, jama'a sun miƙe. Wanda yake lalubar maɓallan kyamara a lokacin nan ya riga ya rasa.

Daga nan sai a shiga zauren gidajen birni, masu kaurin bango da ƙananan tagogi, inda ko da rana duhu ne. Da dare ga dina, da fitilun nan masu launi da ke mayar da fuskar amarya shuɗiya ko ja. Ga kai amarya bayan magariba, a cikin lungu, wataƙila ma an ɗauke wuta. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare da irin dabararsa, kuma ba a koyonta ranar bikin mutum.

Akwai kuma abin da ya fi wannan, wanda shi nake so ki nuna wa angonki. Aikin kyauta ba a yi masa ƙorafi. Idan hotunan suka lalace, ko suka yi wata shida ba su fito ba, angonki ba zai iya buɗe baki ya tambayi abokinsa ba, ke kuma abin zai tsaya miki a rai duk ranar da abokin ya zo gidanku kika kawo masa ruwa. Ki ce masa cikin ladabi: abokinka babban aboki ne, ranar nan a gefenka ya kamata ya tsaya, ya tari baƙi, ya shiga hoton shi ma, ya zo sayen baki. In an rataya masa kyamara an raba shi da bikin abokinsa. Sannan a ba shi wani fage da zai nuna bajintarsa ba tare da an ɗora masa duka nauyin ba, kamar walimar maza ko zaman abokai bayan ɗaurin aure. In ya yi kyau riba ce, in bai yi ba babu asara. Ta haka ba a ƙi tayinsa ba, ba a kuma jingina ranar gaba ɗaya a kansa ba.

Shi kuma na Kaduna, ban ce ba gwani ba ne. Abin da na ce shi ne shafin Instagram ba ya isa shaida. A biki guda mai hoto yana iya ɗaukar hoto dubu ko fiye, ya zaɓi biyar ko goma mafi kyau ya ɗora. Wasu hotunan ma ba na biki ba ne, ado aka yi wa wata yarinya a situdiyo, da fitilu a jere da lokaci isasshe, don tallar mai kwalliya ko mai ɗinki. Akwai kuma marasa tsoron Allah da ke kwaso aikin wasu su liƙa sunansu a kai. Saboda haka duk wanda za ki ɗauka, na Kaduna ne ko na Samaru, ki ce ya nuna miki bikin mutum ɗaya daga farkonsa har ƙarshensa, wanda masu shi suka yarda a nuna. Gani ya kori ji. In ya ce ba zai iya nuna wani bikin ba saboda masu shi sun hana, wannan alama ce mai kyau, ki riƙe ta. In kuwa ya buɗe kwamfuta yana nuna miki hoton kowace amarya ba kai ba gindi, har da waɗanda aka ɗauka a ɗaki ana shiri, to ki sani haka zai nuna naki.

Idan kina kallon aikin, kada idonki ya tsaya kan amarya, don kowa yana ƙoƙari a kan amarya. Dubi tsofaffi, ko fuskokinsu sun fito. Dubi hoton taron dangi, ko na gefe an yanke masa kai ko rabin jiki. Dubi na dare. Sannan ki dubi launin fata da kyau, don nan ne ciwon yawancin masu hotonmu yake. Gyara ya yi yawa har an daina gane mutane. Za ki ga amarya wankan tarwaɗa ko baƙa kyakkyawa an mayar da fuskarta fara sol, an goge duk wani layi, hannun da ke ɗauke da lalle kuma yana nan da launinsa na asali. Irin wannan yana burgewa a waya na sati biyu, amma bayan shekara 20 'yarki za ta ɗauki albam ta tambaye ki wace ce wannan. Ki gaya masa tun yanzu cewa launin da Allah ya ba ki kike so, a share ƙurji in ya fito, a bar miki kamanninki.

Ki nemi kuma ya haɗa ki da wata amarya da ya yi wa aiki a bana, ko ki samo ta da kanki ta hanyar ƙawaye, wanda ya fi. Tambayoyi uku sun isa: ya zo a kan lokaci, yaushe ya kawo hotuna, kuma ya ɗora wani abu ba da izininta ba?

Watan da aka sa miki ma abin lura ne. Disamba watan bukukuwa ne, kowace Juma'a da Asabar a cike suke. A irin wannan lokaci ne mai suna yake karɓar biki biyu ko uku a rana guda, ya tafi wanda ya fi tsoka, ya turo miki yaronsa da kyamara. Kin biya kuɗin maigida kin samu aikin almajiri. Ki tambaye shi ido da ido wa zai zo, kuma sunan wanda zai zo ya shiga takarda. Sannan daga Kaduna zuwa Zariya tafiyar kusan kilomita 80 ce. Bikin da zai ɗauki kwana uku ko huɗu, ko dai ki biya masa masauki da abinci shi da yaransa, ko ya riƙa zuwa yana komawa, ranar da hanya ta cushe a ɗaura aure yana mota. Ki lissafa wannan a kan kuɗin da ya yanka kafin ki ce kin san farashinsa.

Kada kuma ki raina na gida. Garin da Jami'ar Ahmadu Bello take tun 1962, da sashenta na zane-zane da na koyon aikin jarida, ba zai rasa masu ido ba. Ki zaga Samaru da Sabon Gari da wajen PZ da Tudun Wada, ki shiga situdiyo da ƙafarki tare da Yayarki ko wani ɗan'uwanki namiji. Wanda yake da shago a garinku ya san in ya ci amana za a same shi gobe, ya san wani da ya san Babanki, kuma ya san lungunan birni, ba sai an tsaya ana yi masa kwatance a waya ana shirin fita da amarya ba.

Yanzu maganar Baba, wadda ita ce babba a wurina. Kada ki ɗauki sharaɗinsa a matsayin tsauri. Ranar kamu da ranar lalle mata suna sakewa ne saboda sun san su kaɗai ne. An ajiye mayafi, ana rawa, ana guɗa, gwaggo tana tsokanar 'ya. Cikinsu akwai matan aure da suka zo don zumunci, ba su zo don fuskarsu ta zaga duniya ba, kuma wata daga cikinsu, hoto guda zai iya jawo mata fitina a gidanta. Ke ce kika gayyace su, don haka amanarsu tana wuyanki. Maganin wannan mai sauƙi ne a yau, domin mata masu sana'ar hoto sun samu a Arewa. Ki raba aikin biyu: namiji ya ɗauki ɗaurin aure da taron maza, mace ta ɗauki kamu da lalle da wuni. Wasu situdiyon suna da mace cikin ma'aikatansu, ki tambaya. Masu kwalliya da masu lalle ma sukan san su, tunda tare suke haɗuwa a gidajen biki.

Sai dai akwai wata ƙofa da mutane ke mantawa da ita. Mace tana iya ɗauka, amma wa zai zauna gaban kwamfuta ya gyara? Sau da yawa namiji ne a shago, da abokansa zaune a bayansa suna hira. Kuma wa zai kai wurin wanki? Ki yi wannan tambayar. In ita ke gyara da kanta, madalla. In ba ita ba ce, ku zauna tare ki ware hotunan da ba a so namiji ya gani, ta ba ki su yadda suke, ta goge nata a gabanki bayan kin tabbatar kin adana.

Batun ɗorawa a intanet kuwa, ki san cewa doka tana bayanki. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce wanda ya sa aka ɗaukar masa hoto ko bidiyo don amfanin kansa da iyalinsa yana da ikon hana a wallafa shi ko a yaɗa shi ga jama'a, sai fa in sun yi wata yarjejeniya da ta saɓa wa haka. Wannan ƙarshen shi ne wurin lura. Wasu masu hoto suna da takardarsu a shirye, a ciki an rubuta cewa sun samu izinin yin talla da hotunan. In kika sa hannu ba ki karanta ba, kin ba da abin da doka ta ba ki. Ki karanta, in da Turanci ne mai nauyi ki ba wanda zai fassara miki. A rubuta ƙarara cewa ba Instagram, ba TikTok, ba Facebook, ba sitatus na WhatsApp, ba liƙawa a bangon shago, shi da yaransa duka. Wani zai ce in ba zai ɗora ba sai an ƙara masa kuɗi, tunda da hotunan yake samun kasuwa. In ƙarin bai wuce hankali ba ki biya, ko ki ba shi izinin ɗora abin da babu fuska, kamar adon wuri ko hannun lalle. Wanda ya ce shi sam ba ya aiki sai ya ɗora, ki yi masa godiya ki tashi.

Amma in gaya miki gaskiya, yawancin hotunan amare da ke yawo ba daga kyamarar mai hoto suke fita ba, daga wayoyin ƙawaye ne. Kafin a gama kamu an riga an ɗora. Ki tara ƙawayenki tun kafin biki ki gaya musu sharaɗin Baba da bakinki, kuma a samu wata babbar mace mai kwarjini, gwaggo ko inna, ta sanar a wurin taro. Ba za a iya tare kowa ba, amma mutane suna jin kunyar abin da aka roƙe su a fili. Haka nan masu hoton nan da ke shigowa ba gayyata, su ɗauka su je su wanko su baza a ƙofar wurin taro suna sayarwa, a sa mai tsaron ƙofa ya sa ido a kansu. Abin da ba a saya ba ba ki san inda zai ƙare ba.

Idan kin shirya duk wannan, ki sa Mama ta kai wa Baba maganar, a nuna masa takardar, a ce ga mace an samu, ga sharaɗin da aka rubuta. Uba in ya ga an ɗauki maganarsa da nauyi tun kafin ya maimaita, zuciyarsa takan yi sanyi a kan sauran abubuwa. Hoton kafin aure kuwa, wanda na san za a kawo miki maganarsa don kalanda da jaka, ni dai ina ganin ki haƙura da shi. Ba a ɗaura ba tukuna, kuma kalandar da ke ɗauke da fuskarki ba ki da iko da inda za a rataye ta ko a yar da ita. Sunayenku da addu'a sun wadatar a kan kayan rabo. Bayan an ɗaura, ku yi ado ku je ku ɗauki wanda kuke so, ba mai cewa don me.

Abin da ya sami Yayarki yana faruwa, kuma kusan kullum sakaci ne, don hanyar kauce masa sananniya ce. Kyamarorin aiki na yanzu da yawa suna da gurbin memori biyu, duk hoton da aka ɗauka yana sauka a kan duka biyun lokaci guda, in ɗaya ya lalace ɗaya yana nan. Ki tambaye shi ko tasa haka take, kuma ko yana kunna wannan tsarin. Ki tambaya ko yana zuwa da kyamara ta biyu da batura isassu, tunda ba za a dogara da wutar gidan biki a yi caji ba. Sannan a daren kowane taro ya juye hotunan a wuri biyu, kada ya goge memorin sai aiki ya shiga hannunki. Abin da ya fi duka, ki sayi filashi mai girma naki na kanki, ki damƙa wa wani ƙaninki mai hankali, washegarin kowane taro ya je a juye masa duk abin da aka ɗauka, ko ba a gyara ba. Wasu ba sa son ba da hoton da ba su gyara ba, don suna ganin zai zubar musu da suna. Ki tabbatar masa ajiya kawai za ki yi. Wannan ma a yi maganarsa kafin kuɗi ya fita.

In an gama gyara kada ki yarda a turo miki ta WhatsApp yadda aka saba tura hoto, domin yana matse shi ya rage masa inganci, ranar da kika so a wanke babba a sa a firem sai ya fito dishi-dishi. A ba ki a filashi, ko a tura a matsayin fayil, ko a ɗora miki a Google Drive ɗinki, wanda yake ba kowa gurbin gigabayit 15 kyauta. Ki ajiye kwafi ɗaya a gidanki, ɗaya a wurin Mama. Kuma ki wanke albam ko ƙarami ne. Waya tana faɗawa ruwa, ana sace ta, ana manta lambar sirri, amma albam ɗin iyayenmu yana nan a ƙasan akwati har yau.

Duk abin da na faɗa ba shi da ƙarfi in bai shiga takarda ba. Na san mu da jin nauyi, sai a ce ai an yarda da juna. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, kuma wanda kika ba kuɗi yau zai kawo aiki bayan wata uku, bashi ne a kansa. Ba sai an je wurin lauya ba. Takarda guda ta isa, a rubuta ranaku da wurare da lokacin zuwa da na tashi, da sunan wanda zai riƙe kyamara, da yawan hotunan da za a gyara, da girman albam da shafukansa, da ranar da za a kawo. A rubuta abin da za a yi in taro ya zarce lokaci, don bikinmu ba ya farawa a kan ƙa'ida. A rubuta kuma makomar kuɗinki in an ɗaga biki saboda rasuwa ko wata lalura, Allah ya kiyaye, da abin da zai mayar in shi ne ya kasa zuwa. Ku sa hannu, shaida ɗaya daga ɓangarenki ya sa. Kafin alƙalami ki tura ta banki, a asusun da ke ɗauke da sunansa ko na shagonsa, ki rubuta dalilin turawar. Kada ki biya duka. Ki riƙe wani kaso mai ɗan nauyi sai albam da filashi sun zo hannunki, don mai hoton da ya karɓe kuɗinsa kaf sabon aiki yake bi, naki ya koma sai an samu lokaci.

Game da kuɗi, ban goyi bayan ki taɓa kuɗin kayan ɗakinki saboda hoto ba, ban kuma goyi bayan angonki ya shiga aure da bashi ba. In aljihu bai kai ba, rage yawan tarukan da za a ɗauka, kada ki rage ingancin mai ɗauka. Gwani a taro uku ya fi ɗan koyo a taro bakwai. Ni zan zaɓi ɗaurin aure, da wuni ko kamu, da lokacin da iyaye za su yi miki sallama. In kuna son bidiyo, mutum na biyu ne zai riƙe shi, hannu ɗaya ba ya yin duka biyun ba tare da ɗaya ya cutu ba. In an ce a ƙara kuɗi a kawo jirgin nan maras matuƙi mai ɗauka daga sama, ki ce a bar shi. Tashinsa yana buƙatar izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama, ga Zariya da kwalejin koyon tuƙin jirgi da filin saukarta, ga barikokin soja. Ban da haka, a cikin birni zai leƙa tsakar gidan maƙwabta ne, inda matan mutane suke.

In kin samu wanda kika natsu da shi, ki taimake shi ya yi miki aiki mai kyau. Bai san Kakarki ba, bai san gwaggon da ta taso tun daga Ikara ko Soba don ke ba. Ki rubuta sunayen waɗanda ba ki yarda a tashi ba ku ɗauka tare ba, tsofaffi a sahun gaba, ki haɗa shi da wata ƙanwarki da ta san dangi ta riƙa nuna masa. Waɗannan hotunan ne darajarsu ke ƙaruwa kowace shekara. Ki kuma ja kunnen mai kwalliya ta gama da wuri. A Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6, kuma hasken da ya fi kyau ga fatarmu shi ne na bayan la'asar, musamman in akwai ɗan hazo da ya tausasa rana. In kwalliya ta cinye wannan lokacin, sai dai a koma ga fitila. A ba shi abinci da ruwa, a ba shi lokacin salla, a kira shi da sunansa. Mai sana'a ne, kuma wanda aka mutunta yakan ƙara a kan abin da aka biya shi.

In kuma kin nema iyakar nema ba ki samu macen da hankalinki ya kwanta da ita ba, kada ki karya maganar Baba. Ki zaɓi 'yar'uwa ɗaya mai waya mai kyau da riƙon amana, ita kaɗai ta ɗauki taron mata, ta tsayar da ku kusa da ƙofa ko a tsakar gida inda haske yake, kuma a daren ta juye miki ta goge nata. Mai hoton ya tsaya a ɓangaren maza. Bayan an kai ki da kwana biyu, ki sake sa kayan bikinki tun lallenki bai dushe ba, a kira shi gida angonki yana nan, ya ɗauke ku a natse, da Mama da Kaka in za su iya zuwa.

Allah ya sa a yi taro lafiya a tashi lafiya, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Ki gaishe min da Mama.